Kambun da aka ba Fenech bayan shekara 31: ya rage wa Azumah Nelson wani abu?

Shin ana iya kayar da ɗan dambe a kan takarda, shekara 31 bayan ya cire safar hannu ya tafi gida? Wannan tambaya ta ƙi mutuwa a majalisun 'yan dambe na unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a birnin Akra tun watan Nuwamban 2022, lokacin da ƙungiyar dambe ta WBC, a taronta na Acapulco da ke Mekziko, ta miƙa wa Jeff Fenech ɗan Ostireliya kambun duniya. Dalilinta shi ne ta sa alƙalai sun sake kallon karawar da ya yi da Azumah Nelson ɗan Gana, wanda ake yi wa laƙabi da Farfesa, a 1991, wadda aka tashi canjaras, suka ce Fenech ne ya ci.

Duk sanda maganar ta taso, sai ka ji mutane sun rabu biyu. Wasu na cewa an ƙwace wa Farfesa kambunsa. Wasu, musamman samarin da ba su riski zamaninsa ba, na cewa ashe dama ba a kai yadda ake zuzuta shi ba. Duka biyun akwai rashin fahimta a ciki, kuma abin ya dame ni, domin mutumin da ake magana a kansa ya cancanci a yi masa muhawara da ilimi.

Wani dare bayan sallar isha'i, a wata majalisar shan ataya da ke bayan kasuwar Nima, na ga yadda abin yake. An jingina wata waya mai fasasshen gilashi a jikin gwangwanin madara, aka kunna damben na 1991 daga farko. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya zube gyaɗa a kan benci. Duk turmin da aka gama, sai ya ajiye ƙwaya ɗaya a dama in Azumah ne ya ci, a hagu in Fenech ne. Da aka kai ƙarshe, na hagu sun fi yawa. Wani matashi ya ce, "Baba, kai ma ka koma bayan Bature?" Dattijon ya tattara gyaɗarsa ya ce, "Yaro, ni na kwana a gaban talabijin saboda wannan mutum tun ba a haife ka ba. Amma abin da idona ya gani ba zan ce bai gani ba. Nemo mana na biyun."

Yadda ake ba da maki

Wanda ya saba da damben gargajiya na ƙasar Hausa ya san hukuncinsa a fili yake. In ka kai abokin karawarka ƙasa, ka yi kisa, magana ta ƙare. In an yi turmi uku babu kisa, a raba ku. Damben zamani ba haka yake ba. Alƙalin da ke cikin dandali aikinsa raba faɗa da ƙirge da kare lafiyar 'yan dambe. Masu yanke hukunci wasu mutum uku ne daban, kowa zaune a gefensa, ba ya ganin takardar ɗan'uwansa. A kowane turmi na minti 3, wanda ya ci yana samun maki 10, wanda aka ci 9. In an kai mutum ƙasa, yawanci a ba shi 8. A ƙarshen turmi 12 sai a tara.

Inda gizo ke saƙa shi ne, me ake nufi da cin turmi? Ana duba naushin da ya shiga da kyau, da matsa lamba mai amfani, da iya kare kai, da wanda ke juya damben yadda yake so. Wani alƙali ya fi son wanda ke kutsawa yana zuba naushi ba ƙaƙƙautawa. Wani kuma ya fi ganin wanda ke tarewa da hannu, ya saki guda biyu masu nauyi. Mutum uku masu gaskiya suna iya kallon turmi ɗaya su rubuta abu daban. Haka kuma turmin da ka ci da ƙyar da wanda ka ci da rinjaye duk 10 da 9 ne, muddin ba a faɗi ba. Saboda haka mutum yana iya fin abokinsa dukan gaske a dambe gaba ɗaya, amma lissafi ya fito kusa da kusa.

Daren Las Vegas

Ranar 28 ga Yunin 1991 aka yi karawar, a otal ɗin Mirage, kafin babban damben Mike Tyson da Razor Ruddock karo na biyu. Azumah yana da shekara 32, yana riƙe da kambun WBC na ajin kilo 59 tun 1988. Fenech yana da 27, ba a taɓa doke shi ba, kuma ya riga ya ci kambu a aji uku. Yana neman na huɗu.

Azumah ya fara da kyau. Daga nan Fenech ya tura shi kusurwa, ya manna masa kai a ƙirji, ya yi ta aika masa naushi a haƙarƙari turmi bayan turmi. Azumah ya jingina da igiya yana tarewa yana ramawa, amma a daƙiƙun ƙarshe na turmi na 12 ƙafafunsa sun yi rawa, kowa ya gani. Alƙali ɗaya ya ba Fenech 115 da 113, ɗaya ya ba Azumah 116 da 112, na uku ya rubuta 114 da 114. Canjaras. A ƙa'ida, in aka yi canjaras mai kambu yana tafiya da abinsa.

Jama'ar da ke wurin sun yi ihun rashin yarda, akasarin 'yan jarida suka ce an zalunci Fenech, wasu suka ɗora zargi a kan Don King, mai shirya damben, wanda Azumah ke ƙarƙashinsa. Azumah ya ce zazzaɓin cizon sauro ya kama shi kafin karawar, kuma lokacin bai daɗe da rasa matarsa ba. Na yarda da shi. Amma maki ba ya tambayar lafiyarka. Ra'ayina, bayan na kalli damben nan ya fi a ƙirga, shi ne Fenech ya fi cancantar a ɗaga hannunsa a wannan dare. Faɗin haka ba cin amanar Azumah ba ne, kuma wanda ya ƙi faɗa ya hana kansa fahimtar girman abin da ya biyo baya.

Melbourne, wata takwas bayan nan

Azumah yana iya cewa a sake a Amurka, ko ya yi ta jan ƙafa kamar yadda masu kambu da yawa ke yi. Sai ya yarda ya bi Fenech har gida. Ranar 1 ga Maris 1992, a filin Princes Park na Melbourne, gaban mutum fiye da 30,000 da kusan dukansu suka zo ganin an naɗa ɗan ƙasarsu, ya kai Fenech ƙasa tun a turmin farko. Ya sake kai shi a na biyu. A turmi na 8 ya kwantar da shi, Fenech ya miƙe, ya bi shi da ruwan naushi har alƙali ya shiga tsakani.

A nan Akra kafin asuba ne. Ina yaro lokacin, muna cunkushe a tsakar gidan wani maƙwabci da ya fito da talabijin ɗinsa ya ɗora a kan tebur, manya a benci, mu a ƙasa kan tabarma. Da alƙali ya ɗaga hannu, ihun da ya tashi ba daga gidan nan kaɗai ya fito ba, unguwa ce gaba ɗaya ta amsa, har masu koko da ƙosai suka bar tukwanensu a kan wuta.

Abin lura ga mai son fahimtar dambe shi ne abin da ya canza. A Las Vegas ya bari an tsare shi a igiya. A Melbourne ya riƙa tarbar Fenech da naushin hagu tun kafin ya iso, ya biyo da dama a daidai lokacin da yake kutsowa, kuma ko da aka kai shi igiya shi ne ke zaɓar lokacin ramawa. Ya karanci mutumin, ya gano ta inda yake shigowa. Laƙabin Farfesa daga irin wannan ya samo asali.

Wa ke da ikon canza sakamako?

A nan ne mutane suka fi ruɗewa. WBC ba gwamnati ba ce, ba kuma kotu ba. Ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a birnin Mekziko a 1963, ɗaya daga cikin manyan huɗu, tare da WBA da IBF da WBO. Kowace tana da kambunta a kowane aji, tana kuma karɓar kasonta daga kuɗin 'yan damben da suka fafata a kan kambun. Shi ya sa a aji ɗaya kana iya samun zakarun duniya huɗu a lokaci guda. Amma sakamakon dambe na hukuma yana hannun hukumar wasanni ta wurin da aka yi shi. A wannan karon hukumar jihar Nevada ce, kuma a kundin tarihi har yau canjaras ne aka rubuta. WBC ta ba Fenech ɗamara ta karramawa. Ba ta goge sunan Azumah daga jerin zakarunta ba, ba ta kuma soke sauran nasarorin da ya yi da kambun ba. Don haka masu cewa an ƙwace masa kambu sun yi kuskure. Duk da haka ɓangaren Azumah ya nuna rashin jin daɗi a fili, kuma ina ganin suna da hujja.

Akwai halayen da ake gyara sakamako bisa ƙa'ida: in an yi kuskuren lissafi, in an kama ɗan dambe da ƙwayar ƙara kuzari, ko in an tabbatar da haɗin baki. Shi kansa Azumah abin ya taɓa faɗa masa. A Satumban 1993, a San Antonio, an fara sanar da cewa ya ci Jesse James Leija, sai aka gano an yi kuskure wajen tara makin wani alƙali, aka mayar da shi canjaras. Wannan gyara ne na lissafi, ba wanda zai yi gardama da shi. Amma a tara sababbin alƙalai su kalli bidiyo bayan shekara 31, sun riga sun san surutun da aka yi, suna ganin damben ta idon kyamara ba daga gefen dandali ba, wannan sake ra'ayi ne kawai. Kuma in za a buɗe wannan ƙofa, me ya sa Fenech kaɗai? 'Yan Gana da yawa har gobe suna ganin Ike Quartey ne ya ci Oscar De La Hoya a 1999. Shi ma kambun WBC ne aka yi a kai.

Sai dai laifi tudu ne. Mu ma mun taɓa yin irin wannan. A watan Mayun 1964, zamanin Kwame Nkrumah, Floyd Robertson ɗan Gana ya kara da zakaran duniya Sugar Ramos a filin wasa na Akra. Ya kai Ramos ƙasa, amma alƙalai biyu cikin uku suka ba Ramos. Hukumar damben Gana ta fusata, ta soke hukuncin, ta ce Robertson ne zakara. Duniya ba ta saurare ta ba. Sai da aka jira har Satumban 1975, lokacin da D.K. Poison ya doke Ruben Olivares a Kalifoniya, kafin Gana ta samu zakaran duniya na farko da kowa ya yarda da shi. Mai yiwuwa an zalunci Robertson, kamar yadda mai yiwuwa an zalunci Fenech. Takardar da aka rubuta daga baya ba ta mayar wa ko ɗayansu daren da ya wuce ba.

Da me ake auna gwarzo?

Samarin da ke duba tarihinsa a waya suna cewa, ai an doke shi sau 6. Zamanin Floyd Mayweather ya koya musu cewa gwarzo shi ne wanda ba a taɓa ci ba. To a duba su wa suka ci shi, da yaushe.

Na farko Salvador Sanchez ne, ranar 21 ga Yulin 1982 a Madison Square Garden na New York. Azumah yana da dambe 13 kacal a matsayin ƙwararre, ba wanda ya san shi a Amurka duk da zinarensa na gasar ƙasashen Afirka da ta ƙasashe renon Ingila a 1978. An kira shi ne ya cike gurbin wani, da sanarwar mako biyu ko makamancin haka, ya fuskanci ɗaya daga cikin gwanayen da ajin kilo 57 ya taɓa gani. Ya kai shi har turmi na 15 kafin a tsayar, kuma alƙali ɗaya yana ba shi gaba a lokacin. Mako uku bayan nan Sanchez ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 23. Ba a samu damar karo na biyu ba, kuma wannan ne babban abin da masoya dambe za su yi ta cizon yatsa a kai.

Ranar 8 ga Disamban 1984 ya je San Juan, gidan Wilfredo Gomez, ya yi masa kwaf ɗaya a turmi na 11, ya ɗauko kambun duniya. Sai ka tuna halin da ƙasar ke ciki kafin ka gane abin da wannan ya zama ga mutane. Shekara ɗaya kafin nan aka yi fari da gobarar daji da yunwa, aka koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya daga Nijeriya, mutane suka rame har ƙashin wuyansu ya fito ana kiransa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. A wannan lokaci ne ɗan talakawa daga unguwannin 'yan Ga na bakin teku, inda Bukom take, ya sa aka ɗaga tutar Gana a idon duniya. Dattawanmu na zango da suka ga wannan zamani ba lissafin maki suke karewa ba idan suna kare shi.

Ya kare wannan kambu sau 6, ciki har da Pat Cowdell da ya kwantar a turmin farko a Birmingham. Ya hau ajin kilo 59 ya kare sau 10, ya rasa kambun a hannun Leija a 1994, ya dawo a Disamban 1995 yana da shekara 37 ya karɓe shi daga Gabriel Ruelas, sannan ya tsayar da Leija a turmi na 6 a 1996. In ka cire karawarsa da Sidnei Dal Rovere ɗan Birazil a Akra a 1988, kusan duk wannan a ƙasar mutane ya yi shi, inda 'yan kallo ba nasa ba ne. Kuma ga wata ɗabi'a da ke maimaita kanta: Mario Martinez ya ba shi wuya a 1988 har aka yi gardamar hukuncin, a karo na biyu ya tsayar da shi. Ruelas ya kai shi har turmi na ƙarshe a 1993, a karo na biyu bai wuce turmi na 5 ba. Fenech kun ji labarinsa.

Akwai inda masu suka ke da gaskiya. Pernell Whitaker ya doke shi sarai a 1990 da ya gwada hawa ajin kilo 61. Bai taɓa haɗa kambun ƙungiyoyi biyu ba. Bai gamu da Barry McGuigan ba, duk da ya neme shi, haka ma Julio Cesar Chavez. Leija ya ci shi sau biyu. Dawowar da ya yi a 2008 yana da shekara 49 don karawa ta uku da Fenech, wadda ya sha kashi da maki, da ma bai yi ba.

Maganar cewa shi ne ɗan Afirka na farko da ya shiga zauren karrama gwarazan dambe na duniya da ke Canastota a Amurka kuwa, tana bukatar gyara. An shigar da shi a 2004, amma Dick Tiger ɗan Nijeriya ya riga shi tun 1991, shekara 20 bayan rasuwarsa. Dick Tiger ya ci kambu a aji biyu a zamanin da ƙungiyoyi ba su yi yawa ba, don haka 'yan'uwanmu na Nijeriya da ke sa shi a gaba ba son kai kawai suke yi ba. Ni dai Azumah nake sa wa a gaba, saboda tsawon shekarun da ya yi a sama, daga 1984 zuwa 1997.

Abin da ya shafi yaranmu

Wani zai ce mene ne ruwan mai sayar da wake da shinkafa a Mamobi da ɗamarar da aka ba wani a Acapulco? Ruwansa shi ne ɗansa da ke fita gudu da asuba, ya wuce Bukom atisaye da yamma. Ɗan damben Gana yawanci a waje yake neman abinci, a dandalin da mai shirya damben ya gina don ɗan gida. In canjaras ɗin da zakara kamar Azumah ya samu ana iya sake duba shi bayan shekara 31 saboda ɗaya ɓangaren yana da masu yi masa magana, yaron da ba shi da kowa ya san matsayinsa. Abin da ke faruwa shi ne masu horarwa suna ce wa yara kada su bar wa alƙalai hukunci, su nemi kwaf ɗaya ko ta halin ƙaƙa. Wanda ke neman kwaf ɗaya kuwa yana buɗe kansa ga duka, kuma dukan kai ba ya fita da wanka.

Mutuwar ɗan damben Nijeriya Gabriel Olanrewaju, wanda ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar dambe a dandalin Bukom a Maris 2025, ta nuna inda ya kamata hankalinmu ya koma: gwajin lafiya na gaskiya kafin a hau, likita da motar asibiti a bakin dandali, alƙalan da aka horar kuma ake biyansu yadda ba za su kalli hannun mai shirya dambe ba, da kwangilar da yaro ya fahimta kafin ya sa hannu. An gina dandalin Bukom a 2016, an sa wa filin wasa na Kaneshie sunan Azumah, kuma bayansa Gana ta samu zakaru irin su Joshua Clottey da Joseph Agbeko da Isaac Dogboe da Richard Commey. Amma har yanzu da yawa daga cikin wuraren atisaye rumfar kwano ce da buhun yashi da safar hannu guda da yara biyar ke karɓa-karɓa.

A majalisar nan ta Nima, an samo damben na biyu kamar yadda dattijon ya nema. Ya sake zube gyaɗarsa a benci, amma bai kai ga ƙirga ta takwas ba. Matashin da ya zarge shi da bin Bature ya karɓi wayar, ya mayar da ita baya zuwa turmin farko, inda daman nan ta sauka a haɓar Fenech, ya ce, "Baba, tsaya in ga yadda ya ajiye ƙafarsa."